Masu Awon Gwaninta: Sana'ar Malamin Sarrafa Motsin Jiki

Daga inda ake dasa ƙwallon fenareti zuwa layin raga mita 11 ne. In ɗan wasa ya narka mata ƙafa ta tashi da gudun kilomita 100 a awa, kafin daƙiƙa ta yi rabi ta riga ta shiga. Shi kuwa gola, kafin idonsa ya ga inda ta dosa, ƙwaƙwalwa ta yanke shawara, saƙo ya gangara ta laka zuwa cinya, kusan rabin wannan ɗan lokaci ya tafi. Abin da ya rage ba ya isar mutum ya yi sufa ya kai hannu kusurwa. Da lissafi kaɗai ake bi, da babu golan da zai taɓa kaɗe fenaretin da aka aika lungu. Amma ana kaɗewa, har akwai waɗanda suka yi suna a kai.

Ka tambayi golan yadda aka yi ya sani, zai ce maka jikinsa ne ya ba shi. Ka tambayi maƙeri yadda gudumarsa ke faɗa wa wuri ɗaya sau ɗari, ko yarinyar da ke tafe da faranti a ka tana hira ko dafa shi ba ta yi ba, amsar ba za ta wuce "sabo ne" ba. Gaskiya suka faɗa. Sai dai akwai wanda abincinsa ya fara daga inda wannan amsa ta tsaya. Shi ne malamin sarrafa motsin jiki, mai koyarwa da bincike a jami'a kan yadda ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da tsoka suke haɗa baki su fitar da motsi, da yadda ɗan koyo ke zama gwani, da kuma yadda gwaninta ke kufce wa mai ita idan tsoro ko ciwo ko tsufa ya shigo.

Inda yake zaune

A sashen kimiyyar wasanni na jami'a kowa da ɓangarensa. Akwai mai lura da zuciya da huhu, wanda ke ɗora ɗan wasa a kan injin gudu ya rufe masa hanci da baki da bututu ya auna iskar da yake shaƙa. Akwai mai lissafin ƙarfi da kusurwar gaɓoɓi, akwai mai duba abinci, akwai mai nazarin halayya. Waɗannan za su gaya maka ko ɗan wasa yana da ƙarfi, ko yana da numfashi, ko yana da zuciya. Malamin sarrafa motsi kuwa tambayarsa ita ce: duk wannan ƙarfi, wa ke tsara shi?

Jikin mutum yana da tsoka sama da 600 da ƙashi 206. Ɗaukar kofin shayi daga tebur zuwa baki kaɗai sai kafaɗa da gwiwar hannu da wuyan hannu da yatsu sun daidaita, tsokokin baya da na ƙafa kuma su riga hannun ɗaurewa don kada jiki ya rinjaya gaba. Hanyoyin da za a bi a kai kofin baki ba su ƙirguwa. To yaya aka yi ƙwaƙwalwa ta zaɓi ɗaya, mai shan shayin ko dakatar da magana bai yi ba?

Guduma a Mosko

Wanda ya fara kafa tambayar a haka mutumin Rasha ne, Nikolai Bernstein, haihuwar 1896. A 1922 ya kama aiki a Cibiyar Nazarin Ƙwadago da ke Mosko, inda gwamnatin Sobiyet take neman yadda za a koya wa ma'aikatan masana'antu aiki cikin sauri ba tare da ɓarnar ƙarfi ba. Zaton masu cibiyar shi ne akwai bugun guduma guda ɗaya da ya fi kowanne, a gano shi a koya wa kowa. Bernstein ya ɗaura ƙananan ƙwayayen fitila a kafaɗa da gwiwa da wuyan hannun ƙwararrun ma'aikata da kuma kan gudumar, ya ɗauke su da kyamara mai buɗewa da rufewa sau da yawa a daƙiƙa, kowane bugu ya fito a hoto a matsayin layin ɗigo-ɗigo na haske.

Abin da ya fito ya rushe wancan zato. Kan guduma yana sauka inda ake so, amma kafaɗa da gwiwa da wuyan hannu ba su bin hanya ɗaya sau biyu. In kafaɗa ta ɗan zarce, gwiwa ta rage. In gwiwa ta makara, wuyan hannu ya cike. Ashe gwani matsala ɗaya yake warwarewa sau da yawa, kowane karo da ɗan bambanci, kuma bambancin nan shi ne gwanintar. Bernstein ya kuma lura cewa ɗan koyo sandare gaɓoɓinsa yake yi don ya rage abin da zai kula da shi, in ya fara hannu sai ya riƙa sakinsu ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya taɓa ganin yaro ranar farko a kan keke, hannuwa sun ƙage, kafaɗu sun haɗe da kunnuwa, ya ga wannan da idonsa.

Littafinsa na 1947 kan ginuwar motsi ya jawo masa lambar yabo ta Stalin. Ba a jima ba reshe ya juye da mujiya, aka zarge shi da raina koyarwar masani Pavlov, aka raba shi da ɗakin bincikensa. Ya rasu a 1966. Shekara guda bayan nan aka buga tarin ayyukansa da Turanci, daga nan sunansa ya shiga bakin duk mai wannan sana'a.

A Amurka kuwa wata ƙofa aka shigo ta. Paul Fitts, wanda ya yi wa sojan sama nazarin kura-kuran matuƙa jirgi, ya fitar da ƙa'ida a 1954: lokacin da hannu ke ɗauka ya kai ga abu yana ƙaruwa da nisan abin da kuma ƙanƙantarsa, in ka matsa wa sauri sai daidaito ya ragu. Sauri ya haifi nawa ke nan, amma da alƙaluma, kuma har yau masu tsara maɓallan waya da kwamfuta da ita suke aiki. A 1960 Franklin Henry na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya nuna cewa in aka ce wa mutum ɗaga yatsa kawai da jin ƙararrawa, yana yi cikin kusan milisakan 160, amma in bayan ɗaga yatsan akwai jerin motsi da zai biyo, farawar kanta tana wuce milisakan 200. Wato ƙwaƙwalwa tana shirya motsi tun kafin jiki ya tashi, kuma gwargwadon tsawon aiki gwargwadon shiri. Shi dai Henry ne a 1964 ya rubuta maƙalar da ta nace cewa ilimin motsa jiki fage ne na bincike kamar sauran fagagen jami'a. A Ingila sai a 1975 aka buɗe digirin farko na kimiyyar wasanni, a birnin Liverpool.

Kayan aiki

Cikakken ɗakin gwaji fili ne mai faɗi, kyamarori takwas ko goma sha biyu sun kewaye shi a bango, suna fitar da hasken da ido ba ya gani. Wanda za a auna zai zo da gajeren wando, ya sa hannu a takardar amincewa. Mai binciken zai bi shi da yatsa yana lalubar tudun ƙashi a idon sawu da gwiwa da ƙugu, yana liƙa ƙananan ƙwallaye masu ƙyalli. Wannan lalube shi ne farkon abin da ake koya wa sabon shiga, domin in ɗaya ta karkace da santimita guda, lissafin gwiwa duka ya tashi a banza. Inda ake son jin tsoka, sai a aske gashin wurin, a goge fata da sifirit, a manna ɗan faifai mai ɗaukar wutar da tsoka ke fitarwa in ta ɗaure. A ƙasa akwai faranti na ƙarfe da aka binne daidai da daɓe, yana auna nauyin taku sau dubu a daƙiƙa. Ba a nuna wa mai tafiyar inda farantin yake, don da zarar ya sani zai fara auna takunsa, tafiyar ta daina zama tasa. Sai dai a riƙa matsar masa da wurin farawa har ƙafarsa ta faɗa kai da kanta.

Ɗaukar ba ta fi awa guda ko biyu ba. Wahalar tana gaban kwamfuta. A allo mutumin ya koma ɗigogi masu yawo, kuma duk inda hannu ya gifta ya rufe wata ƙwallo, ɗigon ya ɓace, sai an bi hoto bayan hoto an cike gurbin. Daga nan a tace, a rubuta manhajar lissafi, a jera alƙaluma. Mafi yawan ranakun mai wannan sana'a a nan suke ƙarewa, nesa da fili da ihun 'yan kallo.

A aji kuwa kayan ba su kai haka tsada ba. Malam zai riƙe rula a tsaye, ɗalibi ya buɗe babban yatsa da manuni a gindinta.

"Malam, in ka ce ɗaya, biyu, uku?"

"Babu ƙirga. Rabu da fuskata, rular za ka kalla."

Sai ya sake ta. Galibi takan zame kusan santimita 20 kafin a cafke, lissafin faɗuwa kuma ya nuna milisakan 200 ke nan, kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Daga wannan rula malam zai kai ɗalibai filin tsere. Dokar hukumar guje-guje ta duniya ta ce duk wanda ya motsa ƙasa da milisakan 100 bayan harbin bindiga ya yi riga-malam-masallaci, domin ana ganin kunne da ƙwaƙwalwa da ƙafa ba za su gama aikinsu cikin wannan lokaci ba. A gasar duniya ta 2022 a Eugene, inda Tobi Amusan ta Nijeriya ta kafa tarihin daƙiƙa 12.12 a gudun tsallake shinge na mita 100, an kori Ba'amurke Devon Allen daga wasan ƙarshe na mita 110 saboda na'ura ta nuna ya motsa a milisakan 99. Kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ya raba shi da tseren, kuma har yanzu masana suna ja-in-ja kan ko iyakar ta yi daidai.

Wani gwajin da ɗalibai ba sa mantawa shi ne na tabarau mai karkatar da gani gefe guda. Ɗalibi zai sa shi ya jefi alama a bango da ƙwallo, jifar farko ta faɗa can dama. Bayan jifa goma sha wani abu ya dawo kan alama. Sai a ce cire tabaran. Yana jifa sai ta tafi hagu, aji ya kwashe da dariya, shi kuma ya tsaya yana kallon hannunsa. Ya san ya cire tabarau, amma hannun bai samu labari ba. Wannan gyara aikin ƙaramar ƙwaƙwalwa ce da ke ƙeya, wadda nauyinta bai fi kashi 10 cikin 100 na ƙwaƙwalwa ba, amma tana ɗauke da kusan kashi 80 na ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa. Waɗanda ciwo ya taɓa musu wannan wuri, jifarsu ba ta gyaruwa yadda ya kamata.

Abin da koci ba ya son ji

In akwai darasi ɗaya da wannan sana'a ta tsaya a kai, shi ne kyan atisaye daban, koyo daban. Abin da ɗan wasa ya nuna yau a gaban koci ba shi ne abin da ya zauna a jikinsa ba. Shi ya sa duk binciken koyo da ya amsa sunansa sai an sallami mutane sun je sun kwana, wani lokaci har mako, sannan a dawo da su a gwada ba tare da taimako ba.

A 1979 John Shea da Robyn Morgan sun koya wa mutane ture ƙananan katakai da hannu bisa tsari iri uku. Wasu sun gama da tsari na farko kafin su shiga na biyu. Wasu an cakuɗa musu, ba su san wanda zai zo ba. Ranar koyo masu bi da bi ne suka yi fice. Da aka dawo bayan kwana 10, masu cakuɗe suka bar su a baya. A 1986 Goode da Magill suka sake gwadawa da sabis iri uku na badminton, sakamakon ya nuna hanya ɗaya. Dalilin da ake bayarwa shi ne mai maimaita abu ɗaya sau ashirin a jere sau ɗaya ya yi tunani, sauran kwafi ne, shi kuwa wanda aka cakuɗa wa dole kowane karo ya sake gina motsin daga tushe. Kuma haka wasa yake, ba a taɓa ba ɗan gaba ƙwallo iri ɗaya sau ashirin a jere ranar gasa ba.

Sai maganar gyara. Kocin da ke tsaye yana "ɗaga kai, buɗe ƙafa, sake bugawa" bayan kowane taɓi yana jin yana aiki, yaran ma suna kyau a gabansa. A 1990 Carolee Winstein da Richard Schmidt sun kwatanta waɗanda ake nuna wa kuskurensu bayan kowane gwaji da waɗanda ake nuna wa rabin lokaci, ana ragewa a hankali. Da aka janye taimakon aka sake gwada su, masu rabi suka fi. Wanda kullum ake gaya masa inda ya kuskure ba ya koyon jin kuskuren a jikinsa, ranar da bakin koci ya yi nisa sai ya rasa madafa.

Kalmar da aka zaɓa ma tana da tasiri. Gabriele Wulf, Bajamushiya da ta koma koyarwa a Las Vegas, ta ɗora mutane a kan katako mai lilo a 1998. Wasu aka ce su kula da ƙafafunsu, wasu aka ce su kula da alamomin da ke kan katakon gaban ƙafafun. Tazarar ba ta fi 'yan santimita ba, amma masu kula da katako suka fi koyo. Tun a 1992 Rich Masters ya nuna a Ingila cewa waɗanda suka koyi bugun golf da tarin ƙa'idoji a ka sun fi saurin rikicewa in an matsa musu lamba fiye da waɗanda suka koya ba tare da sun iya bayyana abin da suke yi ba. In hankali ya tashi, mutum yakan koma yana sa wa gaɓoɓinsa ido ɗaya bayan ɗaya, sai motsin da ya saba gudana ya kakkarye. Gwanin da ya bara da fenareti a wasan ƙarshe sau da yawa wannan ne ya same shi.

Shi kuma gola, sirrinsa a ido yake. Tun shekarun 1980 Bruce Abernethy na Ostireliya yake nuna wa 'yan badminton fim ɗin abokin karawa, yana yanke shi kafin a bugi ƙwallo, ya ce su faɗi inda za ta sauka. Ƙwararru suna cankowa daga motsin hannu, sababbi kuwa sai sun ga tashinta. A 2002 Geert Savelsbergh da abokan aikinsa suka sa wa masu tsaron raga na'urar bin ƙwayar ido. Ƙwararrun ba sa yawo da ido, sukan kafe shi a kan ƙafar bugu da ƙafar da aka dasa da ƙwallon kanta, kuma sun fi sababbi haƙurin jira kafin su motsa. Ƙafar da aka dasa galibi tana nuna inda ƙwallo za ta. Ka ba gwanin gola rular nan ta aji, ba lallai ya fi ka saurin cafkewa ba. Abin da ya fi ka shi ne karanta jikin mai bugu tun ƙwallo tana ƙasa. Joan Vickers ta Jami'ar Calgary a Kanada ta ga makamancin haka a ƙwallon kwando a 1996: gwanaye suna kafe ido a kan kwando kusan daƙiƙa guda kafin jifa, na ƙasa da su kuwa ba sa kai rabin haka.

Daga fili zuwa asibiti

Ba 'yan wasa kaɗai ke cin moriyar sana'ar ba. A 1971 wani matashin mahauci ɗan Ingila, Ian Waterman, yana da shekara 19, ya kwanta ciwon da ya lalata masa jijiyoyin da ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin taɓi da inda gaɓoɓi suke, daga wuya zuwa ƙasa. Tsokokinsa lafiya lau, amma in ya rufe ido bai san inda hannunsa yake ba. Ya sake koyon zama da tsayuwa da tafiya ta hanyar kallon kowace gaɓa yana ba ta umarni, kuma in aka ɗauke wuta ba zato sai ya zube. Likitansa Jonathan Cole ya rubuta labarinsa, kuma kusan duk malamin wannan fage yana kawo shi a aji, don ɗalibi ya gane yawan aikin da jikinsa ke yi masa a ɓoye.

Mai shanyewar ɓarin jiki shi ma ɗan koyo ne, sai dai abin da yake koyo shi ne riƙe cokali da ɓalle maɓallin riga. Edward Taub ya lura cewa majinyaci yakan yi ta gwada hannun da ya shanye yana kasawa, har ya haƙura da shi gaba ɗaya ko da ya fara farfaɗowa. Maganin da ya kawo shi ne a sa wa hannu mai lafiya safa mai kauri mafi yawan yini har mako biyu, a tilasta wa mai ciwon aiki awoyi a kullum. Babban gwajin da aka buga a Amurka a 2006, da majinyata 222, ya tabbatar da amfaninsa ga waɗanda hannunsu ke da sauran motsi. A Kano ma masu bincike a sashen fisiyo na Jami'ar Bayero sun buga gwaji a 2018 da ya kwatanta ƙirga yawan maimaici da ƙirga awoyi a wannan magani, tambaya mai muhimmanci a inda ma'aikata ba su da yawa kuma majinyaci ba zai iya wuni a asibiti ba. Faɗuwar tsofaffi, makyarkyatar Parkinson, yaron da hannunsa ya kasa rubutu alhali kansa na ja, duk suna cikin abin da ake kawo wa wannan malami.

Hanyar shiga da ƙayoyinta

Babu gajeriyar hanya. Digiri na farko a kimiyyar wasanni, ko fisiyo, ko nazarin halayya, ko injiniyanci. Sai na biyu. Sai na uku, shekara uku zuwa biyar a ƙarƙashin wani malami, ana bin tambaya ɗaya. A hanya dole a san ƙashi da tsoka da jijiya da sunayensu, a iya lissafin ƙididdiga, a iya rubuta manhaja. Da yawa sun shigo don son ƙwallo suka tarar da lissafi yana jiransu a bakin ƙofa. Bayan an samu kujera kuma lokaci ya rabu uku: aji da makin takardu, duba ɗaliban bincike, da neman kuɗin bincike tare da rubuta maƙalu, waɗanda da su ake auna mutum in lokacin ƙarin girma ya zo.

Sana'ar tana da nata tabo, kuma masu ita sun fi kowa faɗa. Yawancin gwaje-gwajen da mutane kaɗan aka yi su, sau da yawa ɗaliban jami'a goma sha biyu a kowane rukuni, suna koyon ɗan aikin da bai fi daƙiƙa biyu ba. Mujallu kuma sun fi son buga sakamakon da ya yi daɗi. Da aka tattara binciken shekaru aka sake lissafi, an ga wasu fa'idojin, har da na Wulf, ba su kai yadda aka yayata ba, amfanin cakuɗa atisaye ma ya fi fitowa a ɗakin gwaji fiye da fili, kuma yakan yi wa sabon shiga nauyi. Saboda haka yanzu ana matsa wa masu bincike su rubuta abin da za su auna tun kafin su fara, su ƙara yawan mutane, su buga sakamako ko da bai goyi bayansu ba.

Tsakanin malamin da koci ma sai an yi haƙuri. Kocin da ya shekara ashirin a rana ba zai ji daɗin wani ya fito daga ɗaki mai sanyi da takarda ya ce masa ya rage magana ba. Kuma sau da yawa kocin yana da gaskiya, ya san yaransa, ya san wanda bai karya ba, ya san wanda tsawa ke kashe masa jiki. Malamin da ya iya sana'arsa shi ne mai zuwa fili ya zauna a benci ya yi kallo tukuna.

A gida

Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Bayero da kwalejojin ilimi da dama suna da sashen ilimin motsa jiki da lafiya. Akwai Cibiyar Wasanni ta Ƙasa a Legas mai horar da kociyoyi tun shekarun 1970, akwai takwararta a Yamai. Darasin koyon motsi yana cikin abin da ake karantarwa. Abin da ke ci wa fagen tuwo a ƙwarya shi ne kallon da jama'a ke yi masa, na malamin usur da wandon atisaye, da kuma tsadar kayan gwaji da rashin tsayayyar wuta.

Amma tambayoyin suna nan birjik a ƙofar gida. Ɗan dambe yana da hannu ɗaya naɗe da kara, ɗayan a buɗe yana tsaro. Me yake kallo a jikin abokin karawa kafin ya kauce, kafaɗa ko ƙafa? Ɗan kokawar da ke neman takobi a Nijar, gasar da aka fara a Tawa a 1975, ta yaya yake jin nauyin abokinsa ya koma ƙafa ɗaya tun mai kallo bai gani ba? Yaran da ke langa suna horar da daidaito a ƙafa ɗaya fiye da abin da littattafai da yawa suka tsara. Yaran da suka tashi suna ƙwallo a lungu, ƙasa ba daidai ba, ƙwallon yau daban ta gobe daban, babu mai gyara musu kowane taɓi, sun samu cakuɗaɗɗen atisaye da ƙarancin surutu ba tare da kowa ya tsara ba. Irin wannan tambaya ta taɓa kai binciken Afirka mujallar Nature: a 1986 Geoffrey Maloiy na Jami'ar Nairobi da abokan aikinsa suka auna matan Luo da Kikuyu, suka ga suna ɗaukar kaya a ka har kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinsu ba tare da ƙarin kashe kuzari ba. Binciken da aka yi daga baya a Afirka ta Kudu ya nuna ba kowace mace ke samun wannan rangwame ba, zancen bai rufu ba ke nan.

Kayan aikin ma sun sauko. Wayoyi da yawa yanzu suna ɗaukar hoto 240 a daƙiƙa, manhajar Kinovea kuma kyauta ce, tana auna kusurwar gwiwa da lokacin taku daga bidiyo. Malamin makarantar sakandare da ke da yara talatin zai iya raba su biyu, ya koya wa rabi bugu iri uku bi da bi, rabi a cakuɗe, ya rubuta makin kowa, ya bari sai bayan kwana biyu ya sake gwada su bai ce uffan ba. In ya yi haka ya shiga sana'ar, ko da ba shi da kyamara ko ɗaya a bango. Abin da jami'a za ta ƙara masa shi ne lissafin da zai raba sa'a da gaskiya, da tarbiyyar rubuta sakamakon yadda ya fito, ko da ya ƙaryata abin da ya shekara goma yana koyarwa.